Ragon Suna Ya Fi Kowa Fitowa

Da na sayi kyamarar Canon ta hannu, mai shagon ya haɗa mini da gilashi mai 50mm, an rubuta f/1.8 a bakinsa. Ya ce, "Ka bar ta a wannan lamba, baya zai narke, mutum ya fito tas kamar a fim." Na riƙe maganar kamar karatun allo.

Sati bai zagayo ba aka yi sunan ɗan yayata. Na hana a kira mai hoto, ga ni, me za a yi da bare?

Da sassafe bayan an raɗa suna, na jera maza sahu uku a ƙofar gida. Liman da Kawu a tabarma, sauran a tsaye, rago ɗaure a turke ɗan gaba da su yana tuƙa. Na durƙusa, na karkace wuya yadda na ga ƙwararru suna yi, na yi ta dannawa. A ɗan allon kyamara komai lafiya lau, shi wannan allo ba ya faɗa wa mutum gaskiya.

Da dare muka buɗe a kwamfuta. Ragon nan har gashin idonsa ana ƙirgawa. Mutane kuwa sai ka ce an hango su cikin hazon hunturu. Kawu ya gyara tabarau, ya matso, ya ja baya.

"Kai yaro, wannan farin abin ni ne ko buhun gero?"

"Kawu, salo ne."

"To, Allah ya raba mu da salo."

Washegari na kai ƙara wurin wani dattijo mai hoto a unguwarmu. Sai da ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. A f/1.8, daga mita uku, wurin da ke fita sarai bai kai kamu ɗaya ba, ni kuwa na tara sahu uku. Kyamara kuma in ka bar mata zaɓi, na kusa take kamawa, ba ruwanta da wane ne liman. Da na sa f/8, na ɗan ja baya, na ɗora ɗigon saiti a idon Kawu, da kowa ya fito.

Na ce a sake taruwa. Aka ce baƙi sun koma garuruwansu, rago kuma an soye shi.

Hotonsa na nan a falon Yaya, ta sa shi a firam.