Sarƙar Dahab

"Gobe ka zo da sarƙa, ya Hajji," in ji malamina na nutso, yana wanke tabaransa a bakin ruwa.

A Dahab muke, wani ɗan gari a gaɓar Sina'i ta ƙasar Masar, inda Bahar Maliya ta yi reshe zuwa Aƙaba. Sunan garin da Larabci zinari yake nufi. Da dare uwargida ta bugo waya daga Kano, na ce mata na gaji, gobe ma sai na fita neman sarƙa. Sai na ji wayar ta yi tsit.

"Maigida, sarƙa? A garin zinari? Ta wa?"

Na ce ta regileta ce. Ta ce ba ta san wata Regileta ba, amma Allah Ya sanya alheri, ta kashe waya.

Bari in wanke kaina a wajenku, tunda a wajenta abin ya gagara. Mai nutso yana goya tukunyar iska, kuma yana da regileta biyu, wato abin da ake cizawa a baki a shaƙi iska. Ɗaya ta aiki, ɗaya ta ko-ta-kwana. A tsarin da malamina ke koyarwa, wanda ya samo asali daga masu shiga kogunan ƙarƙashin ƙasa a Florida ta Amurka, ta aikin tana da tiyo mai tsawon kusan mita 2. In iskar abokin tafiyarka ta ƙare, ta bakinka za ka cire ka miƙa masa, domin ita ce ka tabbatar tana aiki, kuma tsawon tiyon zai ba ku damar bin matsattsiyar hanya ɗaya a bayan ɗaya. Kai kuma sai ka koma kan ta ko-ta-kwana, wadda ke rataye a ƙarƙashin haɓarka kamar laya. Igiyar roba mai talewa da ke riƙe ta a wuya, ita ce sarƙar. Shi ke nan kishiyar.

Da safe na shiga shagon kayan nutso, aka nuna mini ita. Roba ce baƙa, ba ta fi kamu uku ba. Na ji kuɗin, na ajiye musu abarsu. Ni da na tashi ina ɗaure buhun masara a bayan keke da robar tsohon tubu, yau a sayar mini da roba? Na koma masauki na zare tazugen wani tsohon wandona, na yi masa zarge irin na ɗaurin akuya, na rataya. Na dubi madubi, na yaba wa kaina.

Mun shiga ruwa ke nan, ko kai bai nutse ba, regileta ta zame daga zargen ta faɗa ruwa baki sama. Wanda bai sani ba, in bakinta ya kalli sama a ruwa, takan ɓalle da fesa iska ba ƙaƙƙautawa. Ruwa ya dinga tafasa a gabana kamar tukunyar ɗanwake. Ina lalube, ina juyi, takalman agwagwa suna harɗe ni. Kafin malam ya kifa ta ta yi shiru, allurar ma'aunin iskata da na shigo da ita a 200 ta yi ƙasa sosai. Ya ɗaga tazugen da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Wannan fa?"

"Sarƙa ce."

"Wandon da aka raba da ita, Allah Ya rufa masa asiri."

Mai hankali da a nan ya koma shago. Ni kuwa sai na ce ai matsalar sako-sako ce, maganinta ɗaurin goro. Da yamma na bi lungu har na sami mai faci, ya yanko mini robar tubu. Na duba regileta da kyau, na ga robar da ake cizawa an ɗaure ta ne a jikinta da wani siririn maɗauri mai haƙora, irin wanda masu gyaran lantarki ke tattara wayoyi da shi. Na ce wannan ɗan tsiririn me zai riƙe? Na sa reza na yanke shi. Na naɗa robar tubuna a madadinsa sau bakwai, na ƙulle, na ƙara ƙulli don tsaro, na bar ragowar ta zagaye wuya. Ta ɗan shaƙe ni, amma na ce gara haka.

Washegari muka sauka mita 6, muka durƙusa a kan yashi. Ruwa garau, kifaye jajaye da ruwan ɗorawa suna ta kai da komo a kan murjani. Malam ya dube ni, ya ja hannu a maƙogwaronsa kamar mai yanka, alamar iskarsa ta ƙare. Gwaji ne. Cikin isa na cire regiletar bakina na miƙa masa, na sa hannu na janyo ta ko-ta-kwana. Robar ta yi gajarta, don haka na fizga da ƙarfi, na cusa a baki, na ciza, na saki hannu.

Na ja numfashi.

Jama'a, a kowace lita ta Bahar Maliya akwai gishiri wajen giram 40. Tana cikin tekuna mafiya gishiri a duniya. A littafi na karanta wannan, amma ranar na tabbatar da bakina. Robar cizo ce kaɗai a tsakanin haƙorana. Ita regiletar ta saɓule, tana lilo a ƙirjina abinta. Abin da ya fara zo mini shi ne, wannan fa ruwan da ya ci Fir'auna ne, ni wa?

Na ja hannu a maƙogwarona. Malam, da bai lura ba, ya ɗauka ina kwaikwayonsa ne, ya gyaɗa kai ya sake jan nasa. Na sake ja, ya sake ja. Ƙarti biyu durƙushe a ƙasan teku, kowa yana yi wa ɗan'uwansa alamar yanka, kifaye suna kallo. Sai da na tofar da robar ta yi sama a tsakaninmu ya gane. Ya dawo mini da regiletata, ya danna maɓallin da ke korar ruwa, ya riƙe ni muka hau a hankali. Ko a irin wannan hali ba a tashi a guje, domin iskar da ke huhu tana kumbura yayin da mutum ke yin sama.

A gaɓa bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya zaunar da ni, ya sa sabon maɗauri mai haƙora ya ja shi tam, ya datse saura. Ya gwada igiyar roba a wuyana, ya yi ƙulli biyu masu zamewa, kowane ƙarshe a jikin ɗan'uwansa, ya sa wuyan regileta a ɗan zoben da ke tsakaninsu ya tsuke. Minti biyu.

"Ta zauna daf da haɓa, yadda za ka same ta ido rufe," ya ce. "Ta riƙe in an yi tsalle, ta bi ka in ka ja. Kuma ka shaƙa daga gare ta kafin ka shiga ruwa. Maɗaurin nan kuwa, ya Hajji, ba a taɓa shi."

Na biya kuɗin robar da na raina, na biya na maɗauri, na sayi shayi don kurkure gishiri.

Saura shari'ar gida. Na aika wa uwargida hoton sarƙar a wuyana, ta ce ta ga roba, amma ai waya ba ta nuna abin da ke cikin jaka. A hanyar dawowa na tsaya a Alƙahira, na shiga kasuwar Khan el-Khalili wajen maƙeran zinari. Kuɗin da na ajiye a can zai sayi robar da za ta ishi duk masu nutson Dahab.

Ta karɓa, ta saka, ta juya a gaban madubi, ta yi godiya. Can sai ta waiwayo.

"Ita Regiletar, tata ta kai wannan nauyi?"