Masu Shagon da Katin Bature Bai Kama Ba

Tsofaffin katunan gidan waya na Duwala, waɗanda Jamusawa da Faransawa ke aika wa danginsu a Turai, kusan abu ɗaya suke nunawa: jiragen ruwa a bakin kogin Wouri, ofisoshin Bonanjo, benen gidan sarautar Manga Bell da ake kira Pagode, sai kantunan Akwa masu baranda. In Bahaushe ya fito a ciki, za ka gan shi gaban tabarma da 'yan kayan koli, ba suna, ba gari. A idon mai hoto duk ɗaya ne. Da ya daure ya taka har New Bell, unguwar da Jamusawa suka yanka a bayan gari wajen 1914 don kawar da baƙar fata daga bakin ruwa, ta kuma zama masaukin baƙi, da ya ga kowane shago da irin maigidansa. Har yau irin bai ƙare ba.

Babbansu shi ne Alhaji baɗi-zan-koma. Ya zo da samartakarsa daga Garwa ko Kano, wai zai sayar da kaya ya juya. Yanzu gemu ya yi fari fat, ya aurar da 'ya'ya mata a nan, jikoki na ba shi amsa da Faransanci, amma magana ɗaya ce: "In Allah ya kai mu baɗi, gida." Saboda haka ba ya gyara kwanon shago. Wa zai kashe kuɗi a kan rufin da zai bari? Ruwan Yuli da Agusta kuwa, a Duwala, ba ya jin wannan hujja. Sai ka tarar da bokiti a kan buhun shinkafa, roba a kan kwalin sabulu, Alhaji na tsakiya da carbi yana ba ka labarin daɗin sanyin hunturu. Ranar da wani ya taya shagon, kwana ya yi bai yi masa magana ba.

Akwai mai babu-canji. Ka ba shi jaka guda ta sefa, ya buɗe aljihun tebur, ya rufe, ya miƙo maka Maggi biyu da ashana. Ƙarancin silalla a Kamaru gaskiya ne, ban musa ba. Amma gwada biyansa da alawa gobe, ka sha wa'azi.

Mai atamfa na kasuwar Marché Congo shi ne malaminsu duka. Kafin mace ta yi sallama ya riga ya duba takalminta da jakarta. Turmi ɗaya yana da kuɗi huɗu: na Faransanci, na Fijin, na Fulatanci, da na Hausa, wanda shi ma ba ƙaramin ba ne, zaƙin baki ne ya fi yawa a ciki. "Don ke ce fa, Hajiya. Wallahi ko uwar kuɗi ban mayar ba." Tun yana yaro yake wannan faɗuwa, kuma a cikinta ya gina gida biyu ya sauke farali.

Tela ba sai an daɗe a kansa ba. Gobe. In goben ta zo, an ɗauke wuta. Daren Sallah kuma yaronsa ne zai fito ya ce maka ya tafi jana'iza, alhali ƙafar keke na motsi a bayan labule.

Wanda na fi so shi ne ɗan benci. Ba shi da ko allura a shagon, amma ya riga mai shi zuwa. Babbar riga, hula a karkace, rediyo a kunne. Shi ke amsa sallama, shi ke yanke hukunci a kan 'yan wasan Kamaru da farashin shanu, shi ke ce wa yaro ya kawo shayi a rubuta a kan maigida. Baƙo na zuwa shi zai fara durƙusa wa. Ina da zargin cewa rabin attajiran da ke tsaye da kwarjini a tsofaffin katunan nan 'yan benci ne, mai dukiyar yana ciki a sunkuye yana lissafi.

Sai mai allon "Ba bashi". Ya rubuta da Hausa, ya sa an rubuta masa da Faransanci, a ƙarƙashin allon kuma ga littafin bashi har ya kumbura. Shi ne ya haifar wa unguwa mutumin da ya fi kowa sanin lungunan New Bell, wato wanda ake bi. Gidansa na kallon shagon, amma sai ya zaga ta unguwar Nkololoun, ya naɗe wando ya ratsa kwata, ya ɓullo ta baya. Da magariba kuma su haɗu a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Liman na sallamewa, sai ya tayar da nafila.