Ire-iren Sabbin Masu Kiwon 'Yan Tsaki

Ɗan tsakon gidan gona maraya ne tun ran da ya zo duniya. Inji ke ƙyanƙyashe shi bayan kwana 21, galibi a yankin Ibadan inda kamfanonin ƙyanƙyasa suka fi yawa, a zuba su 50 a kwali, sau da yawa da ɗaya na gyara, a ɗoro a mota zuwa Arewa. Ragowar gwaiduwar da ke cikinsa ce guzurinsa na kwana biyu zuwa uku. Daga nan sai abin da mai kiwo ya yi masa: ɗumi, ruwa, abinci, busasshiyar shimfiɗa da rigakafi. Sabbin masu kiwo kuwa ana rarrabe su ne bisa wanda suka zaƙe a kai cikin waɗannan, da wanda suka manta.

Na farko shi ne Mai Lissafi. Wannan yakan cinye ribar tun kwali bai iso ba. A takardarsa kaza 50 aka saya, 50 za a sayar ranar jajibirin Sallah, babu wadda za ta mutu. Abin da bai rubuta ba shi ne kowace kazar nama tana cin wajen kilo 4 kafin ta kai sayarwa a mako 6 zuwa 8, wato buhu 8 mai kilo 25 ga kwali guda. A mako na huɗu, lokacin da buhu ya daina daɗewa, yakan rikiɗe ya koma Mai Tsimi, ya riƙa sirka abincin da dusa. Kajin kuma su rama masa, su tsaya cak da girma.

Uwar Kaza ya fi kowa ƙauna, ya fi kowa ɓarna. Mace ko namiji, sunan ɗaya ne. Ya ji an ce sanyi na kashe 'yan tsaki, kuma gaskiya ne: a makon farko suna son zafin digiri 32 zuwa 35, ana rage kamar digiri 3 duk mako har gashi ya rufe su. Sai ya toshe taga da leda, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ya cika kasko da gawayi ko da a watan Afrilu ne. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ita ke kwantar da su cikin dare. Alhali 'yan tsakin da kansu suna faɗin halin da suke ciki. In sun cunkushe a jikin wuta suna tsuwwa, har wasu na hawa kan wasu, sanyi suke ji. In sun gudu jikin bango, baki buɗe, fukafukai a sake, zafi ya yi yawa. In sun bazu ko'ina, wannan na ci, wancan ya miƙe ƙafa yana barci, to a ƙyale su. Sai dai ƙyalewar ce Uwar Kaza bai iya ba. Ƙarfe biyun dare zai tashi da tocila, ya zunguri mai barci don ya tabbatar da ransa, ɗakin duka ya hargitse.

Likita bai taɓa shiga ajin likitanci ba, amma ruwan 'yan tsakinsa bai taɓa zama fari ba. Yau rawaya, gobe ja. Kafso na mutane, tafarnuwa, barkono, da duk abin da aka ambata a majalisa. In ya ga jini a kashinsu sai ya ƙara wani maganin, bai duba jiƙaƙƙen garin katakon da ke ƙarƙashin mazubin ruwa ba, inda cutar da ke jawo jinin ke hayayyafa. Kishiyarsa Mai Tawakkali ne, wanda hujjarsa ba ta wuce “kajin kakata wa ya taɓa yi musu rigakafi?” Ya manta kajin kakar tasa ma hunturu kan share su a mako guda. Cutar Newcastle da ta Gumboro ba su da magani in sun shigo, sai rigakafi, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, na cikin masu yin sa. Akwai kuma ɗan tsakiya, wanda ya yarda da rigakafin amma ya sako kwalbar a aljihu ba ƙanƙara, ya tsaya hira a rana, ya zuba a ruwan famfo mai sinadarin kulorin. Wannan ya biya kuɗi ne kawai, kajinsa ruwa suka sha.

Mai Baje Koli duk baƙon da ya yi sallama sai ya kai shi ɗakin kaji da takalminsa, yara na ɗauka suna ajiyewa. Ran da mutuwa ta fara, sai ya ce baki ne ya kama su. Mai Mantuwa kuwa bai toshe ramin gafiya ba, bai kori mage ba, kullum da safe lissafi na raguwa da ɗaya.

Akwai Mai Gaggawa, wanda ya sayi 'yan tsakin ƙwai, irin su Shika Brown da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya, ya fara leƙen ƙwai tun a wata na biyu. Kazar ƙwai ba ta farawa sai ta kai mako 18 zuwa 20. Wani ma a bakin titi ya saya da araha, sai da suka fara cara ya gane zakaru ya yi wata huɗu yana ciyarwa.

Na ƙarshe shi ne Mai Tausayi, kuma abin haushin shi ne kajinsa sun fi na kowa rayuwa. Ya raɗa musu suna, ya san mai ɗingishi da mai kwaɗayi. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma a gidansa ya hana. Mai saye zai zo, a yi ciniki, a ɗaure ƙafafu, sai ya ce a bar masa wannan, a bar masa waccan. Kazar nama kuwa in ta wuce mako 8 ci take yi fiye da naman da take ƙarawa, ƙafafunta su fara gaza ɗaukarta. Irin wannan kiwo yakan ƙare ne a hannun uwargida, ran da maigidan ya yi tafiya kuma aka yi baƙi.