Takarda Zuwa Ga Malam Jamusanci Daga Ƙasar Ruma

Ranka ya daɗe Malam Jamusanci,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyalanka uku, der da die da das. Ni mutumin Batsari ne, kuma ɗalibanka na jami'a, daga 'yan matakin A1 zuwa waɗanda suka rarrafa har B1, su suka tura ni in kawo kuka. Samunka ma kaɗai aiki ne. Mai neman digirinka a ƙasar nan sai ya nausa Ibadan ko Ile-Ife ko Nsukka, cibiyarka ta Goethe kuwa tun 1962 take zaune a Legas, ba ta san hanyar Batsari ba.

Da farko ka shigo mana da fara'a. Ka ce rana mace ce, wata namiji, muka ce ashe ɗan gida ne. Ƙirgenka na ɗaya da ashirin a maimakon ashirin da ɗaya bai razana mu ba, duk wanda ya zauna gaban malamin Larabci ya saba da shi. Sai da muka saki jiki ka fito da halinka. Cokali namiji, mun yarda. Cokali mai yatsu mace, mun yi shiru. Wuƙa ka ce ba ta nan ba ta can. To yarinya fa, ranka ya daɗe? Yarinya sukutum, da kitsonta da lallenta, ka jefa ta layi ɗaya da wuƙa, wai don wani ɗafa-ƙeya da ke maƙale da sunanta. Mu a wajenmu yawancin sunan da ya ƙare da wasalin "a" mace ne, an wuce wurin. Kai kuwa kowane suna sai an haddace shi da jinsinsa, kuma ana gama haddar sai ka sauya masa riga sau huɗu, gwargwadon ko shi ya yi aikin, ko shi aka yi wa, ko shi aka ba, ko nasa ne.

Sai maganar aikatau. Da zarar "domin" ta shigo jimla sai ka kora shi can ƙarshe, kamar ɗan aiken da zai gaisa, ya sha ruwa, ya tambayi shanu da gona, sai ya sa takalmi zai tafi sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Wani aikataun ma raba shi kake gida biyu, kai a nan, wutsiya a bakin aya. A jarrabawar saurare, kafin wutsiyar ta iso an shiga tambaya ta gaba.

Amma ba nahawu ne ya fi ci mana rai ba, bashi ne. Ɗanka Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa Abdulkarim, ya shigo Katsina a 1851, ya dawo a 1853 ya bi ta Kurfi da Zakka, nan ƙasar Safana, ya keta daji zuwa Zurmi. Hausarsa a bakin bayi da fatake da 'yan rakiya ya tsince ta, babu wanda ya ce ya biya kuɗin rajista. Da zai koma Turai a 1855 ya tafi da yaran hidimarsa, Dorugu da Abbega. Wani ɗan naka kuma, Schön, ya zaunar da Dorugu a Ingila yana tatsar magana a bakinsa, har ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876. Wa ya nemi Barth ya nuna takardar B1 kafin ya shiga ƙofar birni? Yau jikan masu masaukinsa in yana son karatu a Jamus, bayan karatu da rubutu da saurare da magana, sai ya kulle Yuro 11,904 a asusu, kuɗin shekara guda. A lissafa buhun gero nawa ke nan.

Kuma ba wai ba ka iya sauƙi ba. Tun 1963 gidan rediyonka na DW ke yi wa iyayenmu magana da Hausa garau, babu der babu das.

Saboda haka ga sharuɗɗanmu. A mayar wa yarinya jinsinta. A dawo da aikatau kusa da mai aikinsa, ko da ranar jarrabawa kaɗai. In ka ƙi, muna da labarin 'ya'yanka da ke koyon Hausa a Hamburg da Leipzig. Za mu roƙi malamansu su ba su jam'in sunaye hamsin, daga gida da gidaje zuwa sirdi da siradda, su ɗora musu giredin aikatau bakwai, sannan a kawo tsohuwa daga Ruma ta yi musu jarrabawar baka, da karin sauti da habaici duka.

Naka mai biyayya bisa tilas,
Wakilin 'yan aji, Batsari