Baƙin Kaka: Kowa da Abin da Ya Kai Shi Ƙauye

Da zarar ruwa ya ɗauke, gero ya fara shiga rumbu, sai hanyar Kano zuwa Birnin Kudu ta cika da motocin masu zuwa gaida gida. A haye gadar Wudil, in Juma'a ce a sha cunkoson kasuwar shanu, sannan a miƙe. Abin kallo a ƙauyukan yankin ba ya ƙarewa a wannan lokaci: ga duwatsu masu zanen mutanen da, ga fadama da lambuna, ga masussuka, ga damben kaka, ga kasuwar mako. Sai dai baƙo abin da ya ƙunso a ransa tun daga birni shi yake gani. Ga kaɗan daga cikinsu.

Mai farautar sabis

Kafin ya ce "mun same ku lafiya", ya riga ya tambayi inda waya ke kamawa. Yara sun san amsa: kan surin da ke bayan firamare, ko gindin kukar bakin maƙabarta in iska ta yi daidai. Can zai wuni, hannu a sama, yana juyi a hankali, yana "Kana ji na? Ni ina jin ka!" A ce masa ana kamun kifi a tafki, ya ce bari saƙo ya tafi. A ce an fara matsar rake ana dafa mazarƙwaila, ya ce saura kaɗan. Ya koma birni ya ce ƙauyen babu komai, kuma bai yi ƙarya ba, don sararin samaniya kaɗai ya gani.

'Yar hoto

Ita ta zo da atamfa kala biyar, kowace da wurin da za a ɗauke ta. Ta tarar da mata uku suna lugude a turmi ɗaya, taɓarya na sauka ɗaya bayan ɗaya, wata ma tana cilla tata sama ta tafa kafin ta cafe. Sai ta ce, "Inna, don Allah ara mini." Ta ɗaga sau uku, a na huɗu ta daki bakin turmi, gero ya watse, kaji suka yi Sallah. An dai samu hoton.

Babbar damuwarta ita ce ƙauyen bai cika kama da ƙauye ba. "Inna, a ɗan kawar da bokitin robar nan, a kawo ƙwarya. Wancan faifan sola ma yana shiga hoto." Tsohuwar da ta tara kuɗin ƙuli-ƙuli wata da watanni kafin ta sayi solar ta dube ta, ta ce, "'Yar nan, shi ne fa abin da nake so a gani."

Alhaji mai neman araha

But ɗin motarsa cike yake da buhuna wayam, zuciyarsa cike da yaƙinin mutumin ƙauye bai san farashi ba. Ya durƙusa gaban tarin riɗi, ya damtsa, ya ɓata fuska, ya ce akwai ƙasa a ciki, sannan ya taya da kuɗin shekara uku da suka wuce. Manomi bai ce uffan ba. Ya zaro 'yar ƙaramar waya daga aljihun taguwa, ya kira ƙaninsa a kasuwar Dawanau, ya sa a amsa-kuwwa don Alhaji ya ji da kunnensa. Mutanen nan sun san riɗinsu har Japan da Turkiyya ake kai shi, sun san zoɓon da ake tarawa a Maigatari jirgin ruwa ke kwasarsa zuwa Meziko. Ƙarshenta Alhaji ya sayi tiya biyu ta wake da zabuwa ɗaya, a kuɗin da ya ɗan ɗara na kasuwar Rimi, ya koma gida yana ba iyali labarin yadda ya yi wa 'yan ƙauye wayo.

Ɗan gida da ya zama baƙo

A nan aka yanke masa cibiya, a tafkin nan ya koyi iyo, amma yanzu da katan ɗin ruwan gora yake zuwa, wai ruwan rijiya yana taɓa masa ciki. Ya ɗauki goruba ya jujjuya, ya tambayi yara, "Wannan me kuke ce mata ma?" Alhali tabon da ke goshinsa jifan goruba ne ya same shi yana ɗan shekara tara, kuma wanda ya yi jifan yana nan zaune a dakali yana kallonsa. Takunsa na ƙasaita yakan kai har ƙofar zaure. Daga nan sai gwaggo ta leƙo ta rangaɗa masa sunan yarinta a gaban matarsa da 'ya'yansa, ta aike shi ya kamo mata akuya. Da dare kuwa, in an kawo tuwon dawa da miyar kuka ta sha daddawa da man shanu, ciwon cikin nan ba ya ko motsi.

Malam mai tarihi

Wannan shi ya fi kowa sanin abin da ya kawo shi. Ya karanta cewa a Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse, cewa wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi nazarinsu a shekarun 1950, kuma akwai duwatsun da in an ƙwanƙwasa su da dutse suke ba da amo, kowane gurbi da muryarsa. Duk gaskiya ne. Matsalar ita ce wa yake yi wa bayanin. Ya tara mutanen da tun suna yara suke kiwo a gindin dutsen, ya shiga karanta musu lacca a kan dutsensu, su kuma suna "Ikon Allah, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana nuna ƙahonin wata saniya a zanen da sanda, sai wani Bafillatani da ya tsaya shan inuwa ya matso ya ƙura ido, ya ce, "Malam, wannan nagge ai ba ta da tozo." Abin da masana suka yi rubutu a kansa ke nan: shanun zanen ba irin masu tozon da ake kiwo a yankin yanzu ba ne. Malam ya karanta haka a littafi, makiyayi ya gano shi a kallo ɗaya, ya kaɗa shanunsa ya yi gaba.

Malamin gona na baki

Bai taɓa shuka ko albasa a gwangwani ba, amma ya kalli bidiyon noman Isra'ila. Ya zagaya rumbu ya girgiza kai, ya ce zamani ya wuce wannan. Ba ya tambayar dalilin da ya sa aka ɗora rumbu a kan duwatsu, wato don danshi da gara, ko dalilin da ya sa ake zuba gero da zangarniyarsa a dami ba a sussuke ba, wato don ya fi jure ƙwari har wata kakar ta zagayo. Maganinsa ɗaya ne, kuma mutanen ƙauye sun san shi: a gayyace shi masussuka. Ya cire agogo, ya naɗe hannun riga, ya tsaya ta inda iska ke kaɗawa lokacin da mata ke shiƙa. Kafin la'asar ƙaiƙayin gero ya shiga wuyan shaddarsa ya sauka har gadon baya. Daga nan shawara ta ƙare, sai susa.

Jarumin bakin dandali

Da yamma kalangu ya ɗauka, 'yan dambe sun naɗe hannu da zare, an buɗe fage. Shi yana gaba-gaba, yana ba na kusa da shi labarin 'yan damben nan Shago da Ɗandunawa tamkar tare suka yi kwana. Ya san ɓangarorin dambe, Kudawa da Jamus da Guramaɗa, ya san turmi uku ake yi, kuma wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. "Mu lokacinmu," in ji shi, "bugu ɗaya ne." Tsautsayi ya sa maroƙi ya ji. Aka fara wasa shi da kirari, wani saurayin mahauci mai wuya kamar turmi ya fito yana miƙa masa hannu. Nan take wayar da ba ta da sabis tun safe ta yi ƙara a aljihunsa, ya kara a kunne, ya ratsa taro yana "Na'am, yallaɓai, ga ni nan zuwa."

Ɗan rakiya

Kada a ce duk laifin na baƙi ne. Ƙauye ma yana da nasa gwanin, yaron da ke raka kowa ko'ina. Komai a wurinsa "nan kusa ne, bayan waccan kukar." Kukoki bakwai za ku wuce, takalminka ya cika da ƙarangiya, har yanzu waccan ce. Kowane kogo yana da aljani, kowace rijiya akwai sarkin da ya sha ruwanta, kuma girman aljanin yana tafiya ne da girman motar da baƙo ya zo da ita.

'Yan gindin ɗorawa

Su ba sa zuwa ko'ina. Suna zaune suna dara da tsinke a ƙasa, kansu a sunkuye, amma babu wanda ya shiga gari ko ya fita ba su auna shi ba. Kafin kwana biyu kowane baƙo ya samu suna: Mai Suri, Ɓarin Gero, Alhaji Tiya Biyu, Sarkin Susa. Sunan kuma ba ya goguwa, ko jikansa ne ya zo bayan shekara talatin da shi za a gane shi.

Ranar komawa a cika but da kabewa, gyaɗa, kuka da kuɓewa busassa, a ɗaure zakara a kujerar baya, a yi ta "Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutan gida." Ƙurar mota ba ta gama kwantawa ba za a fara bita: wannan ya kwaikwayi riƙon taɓarya, wancan ya kwaikwayi amsa wayar dandali, har mai gari sai ya rufe baki da rawani. Labarin zai ishe su hira har shukar fari. Shi ya sa in wani saurayi ya yi ƙorafin an mayar da garinsu wurin yawon buɗe ido, dattawa ke kwaɓarsa: mutum ya sayi mansa da kuɗinsa, ya kawo maka kallo har ƙofar gida, ya kuma bar maka goro da sabulu, ai sai addu'ar Allah ya maimaita mana baɗi.