Tsidau Bai San Ɗan Birni Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 keke ya dawo da martabarsa a Katsina. Ma'aikatan da suka shekara suna danna wa mai keke hon, sai ga su sun kakkaɓe na iyayensu sun hau. Ni dalilina ya fi na kowa daraja, ko kuma haka nake faɗa a majalisa: likita ne ya dubi tumbina ya ce a motsa jini. Da na shiga YouTube neman yadda ake motsa shi, sai na tarar Turawa sun ƙirƙiro wasa sabo, tseren keke a kan burji. A garin Emporia na jihar Kansas a Amurka ana yin wani mai suna Unbound Gravel, mil 200 a kan tsakuwa, kuma sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya samu damar shan wahala da kuɗinsa. A 2022 har gasar duniya aka fara a Italiya. Na ce ikon Allah, hanyar da muke roƙon 'yan siyasa su shimfiɗa wa kwalta ita wasu ke hawa jirgi su je nema. In dai burji ne da duwatsu ai ba sai na nemi biza ba, ga Batsari nan.

Na sayi ɗan gwanjo mai lanƙwasasshen kai da giya rututu, sirdinsa bai fi faɗin yatsu uku ba. Na haɗa da hular kwano, baƙin tabarau da wandon nan mai manne wa jiki. Hajiya ta ga wandon ta ce ba daga gidanta ba, tana da surukai a unguwa. Sulhun da aka yi shi ne na zura jallabiya a kai.

Niyyata in tashi daga ƙasar Sarkin Ruma in sauka a ƙasar Yarima, wato daga Batsari zuwa Safana, ta hanyoyin ƙauye. Ɗan'uwana da na kwana gidansa bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya zana mani iyaka a ƙasa da tsinke: Dajin Rugu yana yamma, kada in ko kalle shi, in bi gabas inda ake zirga-zirga, in fita da hantsi, kafin la'asar in kasance cikin gari. Nan babu raha. Mutanen waɗannan ƙananan hukumomi biyu sun ga abin da ba ya faɗuwa, har layukan waya aka rufe musu a 2021, kuma wanda ya zo yawon motsa jiki a cikinsu ya kamata ya zo da kunya.

Mai facin tasha ya ɗura wa tayoyin iska har sai da suka daina amsa yatsa. 'Yan tseren can rage iska suke yi don taya ta rungumi ƙasa, kuma da yawansu ba su sa tubu, wani ruwan danƙo suke zubawa wanda ke toshe huda da kansa. Nawa kuwa kowace tsakuwa sai ta aiko saƙo ta sirdi har ƙeya. Gargada ta fara tun ban bar jin ƙarar injin niƙa na gari ba. Ƙasar nan ba ta san miƙewa ba: ka hau tudun marmara, ka gangara kwazazzabo, ka kewaye falalen dutse inda aka shanya barkono, can ga wasu manyan duwatsu sun hau kan juna a tsakiyar gonakin gero da aka girbe. Kyau kam akwai shi. Ina cikin yaba shi ne kaca ta cafke gefen jallabiya ta naɗe, ni da keken muka kwanta tare a kunyar wake.

Ina warware riga daga haƙoran giya sai na ji ƙararrawa a bayana. Wani dattijo ne a kan tsohon Phoenix mai birkin ƙarfe, giya ɗaya tal, ya ɗaure buhun rogo a kariya, ya rataya galan a kai, silifas a ƙafa. Rogon Batsari ba sai an yi masa talla ba, ko a Katsina sunan garin ake kira a sayar da shi, amma ban taɓa tunanin yadda yake fitowa daga gona ba sai ranar.

"Sannu yaro. Mi ya kai ka ƙasa?"

"Motsa jiki nake yi, Baba."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Gona ce ba ka da ita?"

Muka jera. Wato ya jera, ni ina binsa. A hawa ba ya miƙewa tsaye, ba ya haki, taka feda yake a hankali yana ba ni labarin farashin taki. Da muka iso wani busasshen rafi, tun kafin yashi ya diro ya kama sirdi ya tura ta gefe inda ƙasa ta yi tauri. Ni da na ga yadda ake yi a bidiyo na ƙara wuta na faɗa tsakiya. Siririyar taya ta nutse, keke ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Baba bai ce komai ba, ya dai jingine nasa ya zo ya ɗauko mani tabarau.

A bakin wani ƙauye matasan sintiri suka tare ni, kuma ban ga laifinsu ba. Baƙo da hular kwano, fuska a rufe, waya maƙale a kan keke tana nuna taswirar garinsu.

"Malam, wa ya aiko ka?"

"Likita."

Suka dubi juna. Ɗaya ya ce in nuna takarda. Ana shirin wucewa da ni wurin mai gari sai Baba ya sa baki: "Ku ƙyale shi, bisa idona ya taho. Ɗan leƙen asiri ba ya faɗuwa haka." Ban taɓa samun shaidar da ta wanke ni ta kuma zubar mani da girma lokaci guda irin wannan ba.

Ashe tun a rafi tsidau ya gama aikinsa, tayoyin biyu sun kwanta. Mai facin ƙauyen yana gindin bedi da kwanon ruwa da tsohon famfo. Matsala ta farko bawul: nawa siriri ne mai 'yar ƙusa a kai, bakin famfonsa ya yi masa yawa. Ya naɗa tsumma, yaronsa ya danne, aka samu iska ta shiga. Ya tsoma tubu a ruwa yana juyawa, duk inda kumfa ta taso sai ya soka tsinken ashana. Ya soka, ya juya, ya soka. Yara suka kewaye mu suna ƙirgawa da ƙarfi. Da kwalin ashana ya kusa ƙarewa ya ɗago tubun ya duba ta rana.

"Alhaji, wannan ai rariya ce. Kuma irin tubunka sai Katsina."

Aka shiga neman amalanken da zai fitar da ni bakin titi in samu motar Safana. Kafin a ɗaura shanu Baba ya sayo dafaffen rogo da garin ƙuli, ya hana ni biya, muka zauna a benci. Na ciro waya na nuna masa 'yan tseren Kansas, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, wasu sun saɓa kekunansu a kafaɗa cikin taɓo. Ya kalla har ƙarshe da natsuwa.

"Nawa ake biyan su?"

"Yawancinsu su ke biya, Baba."

Ya ajiye rogon da ke hannunsa. Ya sa na maimaita don mai faci ya ji.

"Kuma ba su ɗauko komi ba?"

"Sai gorar ruwa."

"To in ka koma ka gaya musu su zo nan ranar kasuwa. Mu ba mu amsar ko sisi. Buhu ɗai-ɗai za mu ɗaura musu."