Sannunmu da Ƙoƙari, Mutanen Malbaza

Gaishe ku masu takardar tambayoyi, aikinku sai yabo! Ku ne ke zaunar da yaron da cutar shan inna ta shanye wa ƙafa, ku tambaye shi ko ya san amfanin wasa, ku auna wayewarsa, ku ba shi maki. Madalla da wannan basira. Yaron da ke jan jiki zuwa bakin fili kowace la'asar, ya ƙura wa ƙwallo ido har magariba, ashe wayewa ce ta yi masa ƙaranci!

Mu ma 'yan gari mun cancanci jinjina. Simintin Malbaza na gina gidaje har Yamai, tashar lantarki ta hasken rana mai megawat 7 tana nan tun 2018, albasar Galmi ta kai kasuwannin Abijan. Duk da wannan arziki ba mu yi almubazzaranci ba: ɗan simintin da za a zuba gangara a ƙofar aji don keken guragu ya hau, mun yi tattalinsa.

Ga kuma tausayi. In yara sun fita langa ko ƙwallo, sai mu ce masa, "Kai zauna, kada ka ji ciwo, riƙe musu takalma." In ya tasa, mu miƙa masa kwano ya tari motoci a bakin hanyar Konni. Wa ya kai mu riƙon amana?

Hukuma kuwa ba ta gaza ba. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda sashenta na 30 ya ba yaro mai nakasa damar wasa daidai da tsararsa, aka ƙara da doka a 2019. Takardun suna nan fes, ƙurar filin wasa ba ta taɓa su ba.

Don Allah kada wani ya tuna mana da Misbahu Lawan Didi na Kano, wanda ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, ana buga ta da hannu bisa katako mai taya. Zai hana mu barci.

Jama'a, yaron nan ya san wasa sarai. Fili, keke da abokai ya rasa. Hukumomin Malbaza, Konni da Illela, sarakuna, malamai da iyaye, ku ajiye ma'auni, ku buɗe masa fili ya shiga cikin 'yan'uwansa.